Wanda Zai Shaidi Zorana

Zorana na tsaye a bakin famfon kicin tana kankare kifi da bayan wuƙa, hannayenta sun yi ja saboda sanyin ruwa, sai ga babanta ya shigo cikin farar rigarsa ta biki. Ya tsaya a bayanta yana murmushi, irin na wanda ya ɓoye wani abu a aljihu.

Su uku ne a gidan. Obrad bakanike ne a garejin motocin bas na birni. Matarsa Milunka tana ɗinki a wani shagon labule. Zorana, 'yarsu tilo, ta gama digirin farko a ilimin sinadarai da kaka. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba, kuma gidan da suke ciki a hawa na uku nasu ne. Abin da suka rasa shi ne mutum, irin wanda in aka ambaci sunansa a ofis ƙofa take buɗewa. A duk danginsu babu likita, babu lauya, babu ko magatakarda a ƙaramar hukuma. Kum Toza kawai suke da shi, wanda ya tsaya wa Obrad ranar aurensa, ya kuma riƙe Zorana a hannu ranar da aka yi mata baftisma. Wanda ya yi wa gida haka shi ake kira kum, shi ma haka yake kiran maigidan. Shi ma direba ne da ya yi ritaya. Sai dai motar da ya tuƙa ta manya ce.

Ranar kuwa ranar slava ce, bikin Waliyyi Nikola, waliyyin gidansu tun kaka da kakanni. Da yake azumin Kirsimeti ake, babu nama. Kifi ne, da wake a cikin tanda, da ganyen kabeji naɗe da shinkafa.

"Ɗana," in ji Obrad. Haka yake kiranta in yana cikin farin ciki. "Ƙara faranti ɗaya. A kan tebur can sama, kusa da kyandir."

"Wa zai zo?"

"Farfesa Balaban."

Wuƙar ta tsaya a hannunta.

Wata jami'a ce a Holan take nema, digiri na biyu a kan tace ruwa, har da tallafin karatu. Sun ce mutum biyu su rubuto wasiƙar shaida a kanta. Shugaban ɗakin gwaji na hukumar ruwa, inda ta yi aikin koyo, ya riga ya aika tasa. Saura wuri ɗaya, wanda dole malamin jami'a ya cike shi, kuma gobe da rana ake rufe saka suna.

"Me ya kawo Farfesa Balaban gidanmu?" Ta tambaya, ko da yake ta riga ta sani.

"Wasiƙarki mana! Kum ya yi masa magana. Ya ce babu damuwa. Mutumin da ya riƙe tsangaya sukutum, wanda hotonsa ke bango! Turawan can suna ganin sunan za su miƙe tsaye."

"Baba, wa ya ce ka yi?"

Murmushin ya ragu kaɗan. "Sai an ce uba ya yi?"

"Bai san ni ba. A ajinsa mun fi ɗari biyu, daga bayan zaure nake hango ƙeyarsa. Ni Dakta Nevenka zan roƙa."

Milunka, wadda ke yanka albasa a gefe, ta ajiye wuƙarta a hankali.

"Wa?" in ji Obrad. "Matar da ta kayar da ke?"

"Ita."

"Wadda kika dawo daga wurinta kina kuka a ɗakin wanka, famfo a buɗe don kada mu ji? Wadda ta ɓata miki jerin makinki da bakwai cikin goma da kika sake jarrabawar? Ke, kanki ɗaya kuwa? Mutum yana neman shaida wurin mai ƙaunarsa ne, ko wurin wanda ake jin nauyinsa. Ba ya zuwa wurin wanda ya gan shi a ƙasa!"

"Ita ce ta ga aikina!"

"Ta ga aikinki ta ba ki bakwai!"

"Ku yi a hankali," in ji Milunka. "Yau rana ce ta waliyyi. Maƙwabta na ji."

"Su ji!" Zorana ta jefa wuƙar cikin kwano. "Rayuwata ce aka kai kasuwa ba a tambaye ni ba. Kuma slava ka gayyace shi, Baba? Ka san wanda aka gayyata sau ɗaya ba a sake gayyatarsa, duk shekara zai zo. Ka ɗora mana shi har abada a kan takarda ɗaya!"

"Na sani sarai," in ji Obrad. Ya ɗauki burodin biki da aka lulluɓe da farin ƙyalle, da kwalbar ruwan inabi, zai kai coci a sa albarka. A bakin ƙofa ya juyo. "Za ki gaishe shi, za ki miƙa masa alkama, za ki ce na gode. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Ƙofar ta rufe da ƙarfi. Milunka ta dubi 'yarta na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Mun manta lemon tsami. Je ki sayo. Ba sai kin yi sauri ba."

Zorana ba ta tsaya a kasuwa ba. Ta hau bas ɗin da ke zuwa jami'a, ta zauna a baya tana cizon leɓe. Ƙofar motar na buɗewa tana rufewa ba ƙara, kuma ta san hannun wanda ya gyara ta. Wannan ma ya ƙara mata haushi.

Tsangayar kusan babu kowa, don rabin garin na bikin waliyyi ɗaya. A ɗakin gwaji na ƙasa ta sami Dakta Nevenka, gajeriyar mace mai furfura, sanye da farar rigar aiki, tana cin tuffa a gaban wata na'ura da ke ƙugi.

"Ke ba yau ce slavarku ba?" in ji ta, ba tare da ta miƙe ba. "Warin kifi kike yi."

"Malama, alfarma na zo nema."

"Faɗi."

Zorana ta faɗa. Ta shirya kalmomin a cikin bas, amma suka fito a cukurkuɗe, kamar ƙara take kawowa. Dakta Nevenka ta saurara har ƙarshe, ta jefa ragowar tuffar a kwandon shara.

"Zan rubuta," in ji ta. "Saka sunana, su aiko min saƙon."

"Me za ki rubuta?"

"Ba za ki gani ba. Daga wurina zuwa wurinsu take tafiya. Kin san ƙa'idar."

"Amma za ki ambaci faɗuwar?"

"Suna tambayar yadda ɗalibi yake in an gyara masa kuskure. In sun tambaya zan faɗa. Kin buga ƙofar can har gilashinta ya girgiza. Kin yi kusan shekara kina wuce ni a baranda kamar ni sandar lantarki ce."

Jini ya hau wa Zorana fuska. "A kan tambaya ɗaya kika kayar da ni, Malama! Ɗaya!"

"A kan tambaya ɗaya da kika haddace amsarta ba ki gane ta ba. Ga shi yanzu ma kina ɗaga min murya a ɗakina, kuma alfarma kika zo nema. Wannan ma hali ne, yana iya shiga."

"Sai me kuma zai shiga?"

"Sauran ba naki ba ne. Nasu ne."

Zorana ta dubi kwalaben da ke jere a kan kanta. Wasu har yanzu da rubutun hannunta a jiki. Hunturu biyu ta yi tana bin matar nan zuwa ƙarƙashin gada, inda bututun masana'antar fata ke zuba cikin kogi, suna ɗibar ruwa yatsunsu na ƙagewa. A ɗakin nan ta sake gwaji ɗaya har ta daina ƙirgawa. Ba ta tuna ranar da Dakta Nevenka ta ce mata sannu da ƙoƙari ba. Ta dai tuna ranar da ta cire safar hannunta ta miƙa mata ba ta ce uffan ba.

"Babana ya samo min Farfesa Balaban," in ji ta.

Dakta Nevenka ta ɗaga gira. "To ai ki karɓa. Sunansa ya fi nawa nauyi, wannan ba ƙarya ba ne. Zai ce ki rubuta da kanki ya sa hannu. Ni ma da na nemi tafiya, ni na rubuta tawa, wani babba ya sa hannu."

"Aka ƙi ki?"

"Aka ɗauke ni. Uwata ce ta kwanta ciwo, ban tafi ba." Ta juya ga na'urarta. "Kada ki ɗauka zan ce miki hanyar ba ta aiki. Tana aiki. Ni dai ba na sa hannu a abin da ban rubuta ba, kuma ba na rubuta abin da ban gani ba. Ki zaɓa. In sun aiko yau, gobe da safe za su samu. Ja min ƙofa, a hankali."

Zorana ta ja ƙofar a hankali, amma sai da ta daure. Ta zo ne tana so a ce mata ita ce mai gaskiya, ta fita da fushi biyu maimakon ɗaya. A hanya ta sayi lemon tsami, ta riƙe jakar kamar za ta jefi wani da ita.

Ta tarar gida ya cika. An haɗa tebura daga falo har bakin ɗakin barci, kyandir mai tsawo na ci a gaban hoton waliyyi, an riga an karya burodin biki. Obrad na tsaye da kwalba a hannu, yana zagayawa bayan kujeru. Maigida ba ya zama ranar slava muddin kyandir na ci, kuma Obrad bai taɓa karya wannan ba, ko shekarar da ƙafarsa ke cikin filasta.

Kum Toza na zaune a wurinsa na girma, ya sa taye, gashin bakinsa a taje. Kujerar da ke kusa da shi babu kowa, kuma kowa na satar kallonta.

"Ga 'yar Holan!" in ji goggonta Stana da ta gan ta. "Ke dai ki samo mana miji dogo, wanda zai riƙa canza mana ƙwan lantarki ba tsani."

Aka yi dariya. Zorana ta sumbaci kumatun Kum sau uku, ya riƙe fuskarta da hannayensa biyu ya ce a hankali, "An gama komai, 'yata. Kada ki damu."

Da azahar ta gota aka buga ƙararrawa. Obrad ya kusa tuntuɓe wajen zuwa ƙofa. Farfesa Balaban dogo ne mai farin gashi, cikin babbar riga mai kyau, da fara'a ta gaskiya. Ya yi wa gida barka da biki, ya miƙa wa Milunka furanni, ya rungume Kum Toza, tsohon direbansa. Zorana ta kawo masa dafaffiyar alkama mai sukari a kan tire. Ya yi alamar gicciye, ya ci cokali ɗaya, ya dube ta da kirki.

"To, wannan ce Zorica tamu?"

"Zorana, ranka ya daɗe," in ji Obrad da sauri.

"Zorana, Zorana, haka ne. Kin yi ajina?"

"Na yi, Farfesa."

"Na ba ki nawa?"

"Goma."

"Kun ji ko?" Ya juya ga jama'a. "Ba na kuskure a kan mutane!"

Aka tafa. Aka zaunar da shi, aka zuba masa barasar gida, aka sa masa tsakiyar kifi. Ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ya fi komai ƙona wa Zorana rai. Ya yaba waken Milunka har ya nemi ƙari. Ya ba da labarin ranar da dusar ƙanƙara ta tsare shi da Toza a hanyar Belgrade, suka kwana a mota suna raba burodi ɗaya, Kum na gyara masa labarin yana share hawayen dariya. Obrad na tsaye a bayansa, kwalba a shirye, kofin Farfesa bai taɓa sauka rabi ba.

Can sai Kum ya yi gyaran murya. "Farfesa, batun yarinyar nan."

"Af! Wasiƙa." Farfesa ya goge baki. "Abu mai sauƙi. Ki zauna ki rubuta da kanki, 'yata, wa ya san ki fiye da ke? Kada ki ji kunya, ki zuba zuma. Ki ce kin fi kowa a shekara goma. Ki kai wa sakatariyata, ta buga hatimi, in sa hannu. Ita ke buɗe min saƙonni, ita za ta aika."

"Allah ya ƙara girma!" in ji goggo Stana.

Zorana na tsaye da farantin lemon tsami. Ta ji muryarta ta fito kafin ta yi shawara da ita.

"Farfesa, wani lokaci sukan kira mai shaida a waya. In sun kira, me za ka ce musu a kaina?"

Farfesa ya buɗe hannuwa, da zuciya ɗaya.

"Zan ce musu 'yar kum ɗin Toza ce. Toza ya tuƙa ni shekaru bai taɓa ƙwarzane mota ba, bai taɓa fitar da maganar da ya ji a cikinta ba. In ya ce yarinya ta gari ce, ta gari ce. Akwai shaidar da ta fi wannan?"

Aka ɗaga kofuna. Kum ya sunkuyar da kai don jin daɗi. Zorana ta ajiye farantin, ta shige ɗakinta, inda aka tara rigunan sanyin baƙi a kan gado.

Ta gwada, don kada a ce ba ta gwada ba. Ta buɗe kwamfuta a kan gwiwa ta rubuta, "Na san wannan ɗaliba." Ta tsaya. Ta goge. Ta rubuta cewa ɗalibar na da haƙuri a ɗakin gwaji, sai ta tuna wa ya ga wannan haƙurin. Ta rubuta batun kogin, sai ta tuna wa ke tsaye kusa da ita a ƙarƙashin gada. Duk jimlar da ta zama gaskiya, ba idon Farfesa ne ya gan ta ba. Duk wadda Farfesa zai iya faɗa, game da Kum ce. Ta rufe kwamfutar da ƙarfi ta fita baranda, inda aka jera tukwane a cikin sanyi.

A nan babanta ya same ta, ya zo ɗaukar wake. Ya ja ƙofar gilashin a bayansa.

"Wace irin tambaya ce kika yi wa baƙona?"

"Ka ji amsar ai. Shekara huɗu ina karatu, ashe abin da na zama shi ne 'yar kum ɗin direba."

"Kada ki kuskura ki raina Kum a gidan nan!"

"Ban raina shi ba! Ni aka raina! Ko sunana bai riƙe ba, Baba. Kana tsaye a bayansa kamar yaron otal, kana gyara masa sunan 'yarka!"

Obrad ya ajiye tukunyar. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Kin tuna lokacin da aka ce mamarki ta jira layin aikin gwiwa? Tun kaka har bazara tana hawa benen nan da baya, tana riƙe da ƙarfe. Kalma ɗaya daga bakin mutumin can, da an yi mata cikin mako. Kum da kansa ya zo ya ce bari ya yi magana. Muka ce a'a. Ni da ita muka zauna a kicin muka ce a'a, don irin wannan roƙon sau ɗaya ake yinsa. Muka ce a ajiye wa yarinya."

Zorana ta juya ta dubi falo. Ta cikin gilashi tana hango mamarta na zagaya tebur, tana ɗan jan ƙafar hagu.

"Ban sani ba," in ji ta.

"Ba a so ki sani ba."

"To ai da kun tambaye ni!" Hawaye suka zo mata, na fushi. "Da kun tambaye ni da na ce a yi mata aikin! Kun ɗora min gwiwar Mama a wuya, yanzu in ce a'a na zama butulu. Wannan ba kyauta ba ce, Baba, igiya ce!"

"Igiya ce da za ta fitar da ke daga nan! Ita waccan matar me za ta rubuta? Kin sani?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba! Nan kuwa alƙalami a hannunki, hatimi na jira. Wane mahaukaci ne ke barin wannan?"

"In sun ɗauke ni da wannan, ba ni suka ɗauka ba. Zan je can ina tafe da ƙaryar da na rubuta da hannuna."

"Kowa haka yake yi!"

"Na sani! Ita ma ta faɗa min!"

"Kin je wurinta?" Ya dube ta, ya dubi hanyar kicin. "Lemon tsami," in ji shi a hankali.

Zorana ta ciro wayarta daga aljihu. Yatsunta sun ƙage, sai da ta sake buga harufan. Ba ta ɓoye masa ba. A gabansa ta rubuta sunan Dakta Nevenka a wurin da ya rage, a gabansa ta danna. Wayar ta yi ɗan ƙara.

"Ba a canzawa," in ji ta. "Zan shiga in gaya musu da bakina."

Ya tare ƙofar da hannu. Fuskarsa ta yi fari kamar rigarsa.

"Ba za ki ce komai ba. Gidana ne, baƙina ne. Share fuskarki ki ɗauki waken nan."

Sauran yinin ya wuce kamar kowace shekara. Aka kawo kek da kofi, aka yi waƙa, aka yi gardamar ƙwallo. Obrad ya ci gaba da zagayawa da kwalba, bai dubi 'yarsa ko sau ɗaya ba. Da rana ta faɗi Farfesa ya miƙe, akwai wasu gidaje biyu da ke jiransa. Obrad ya riƙe masa riga ya saka, Milunka ta ba shi ƙunshin kek. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗar Zorana.

"Allah ya ba da sa'a a Jamus, Zorica. Sai baɗi war haka, maigida. Waken nan ba zan bar shi ba."

"Muna jira, ranka ya daɗe," in ji Obrad.

Zorana ta ga cewa ko ba ta taɓa kai takarda ofishinsa ba, ba zai lura ba. Ta ga kuma babanta ya ga haka. Da za a iya yin shiru, maganar ta mutu a nan.

Amma akwai Kum. Shi ne na ƙarshe da ya tashi, kamar kullum. Yana ɗaura gyalensa na wuya ya ce, "Gobe da safe zan zo in kai ki ofishin da kaina. Sakatariyar ta san ni, ba za ki jira ba."

Zorana ta ja numfashi za ta yi magana, Obrad ya riga ta.

"Kum, ba sai ka zo ba. Yarinya ta zaɓi wata malamar. An riga an aika."

Kum Toza ya tsaya da gyale a hannu. "Wata malamar?"

"Wadda ta yi aiki da ita."

"Ka sani tun da rana?"

"Na sani."

"Ka bar ni na ci gaba da ɗaga kofi." Tsohon ya dubi Obrad, ya dubi Zorana. Bai ɗaga murya ba. "Duk shekarun da na tuƙa mutumin nan, ko taba ɗaya ban taɓa roƙonsa ba. Ɗana na cikina ya nemi aiki, ban buɗe baki ba. Na je gidansa da hula a hannu saboda ku."

"Laifina ne, Kum," in ji Obrad. "Ban tambaye ta ba. Ni ya kamata ka yi wa fushi."

"Ai da kai nake."

Milunka ta miƙo masa ƙunshinsa, wanda ya fi na kowa girma, kifi da kek da yankin burodin biki. Kum ya dube shi, ya sa hularsa. Bai karɓa ba, bai sumbaci kowa ba. Suka tsaya suna jin takunsa yana sauka bene a hankali, hawa bayan hawa, har ƙofar ƙasa ta rufe.

Milunka ta ajiye ƙunshin a kan tebur ta shige kicin, ta buɗe famfo. Zorana ta fara tattara kofuna. Babu sauran baƙo, amma Obrad bai zauna ba, don kyandir na ci. Ya tsaya a gabansa, ƙafafunsa sun kumbura har sun cika takalmi. Can ya ɗebo ruwan inabi a cokali, ya ɗiga a kan lagwanin, wutar ta mutu. Sannan ya zauna a kujerar da ta fi kusa, wadda Farfesa ya tashi daga kai, ya kwance igiyar takalminsa.

Zorana ta ci gaba da jera kofunan a kan tire.

"Matar nan," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Ta san kina da taurin kai?"

"Ta ce za ta rubuta shi."

"Ta san ba kya jin magana, kina ɗaga wa na gaba da ke murya?"

"Shi ma ta ce yana iya shiga."

Obrad ya yi tsaki. "To ta san ki."

Ya miƙa hannu ya turo ƙunshin da Kum ya bari, har ya zo gabanta.

"Gobe ki kai mata. Ba a zuwa wurin mutum hannu rabbana."

Fushin ya sake taso mata. Ta buɗe baki za ta ce Dakta Nevenka ba ta karɓar irin wannan, za ta ce ai wannan halin ne ya jawo komai. Sai ta dube shi, a zaune cikin safa, bai ce mata ɗana ba, bai ma ɗago kai ba. Ta rufe bakin, ta ɗauki ƙunshin ta kai baranda cikin sanyi don kada ya lalace.

Ta gane cewa babanta bai yarda tana da gaskiya ba, kuma bai huce ba. Ya dai tsaya a bayanta ne. Ta gane kuma cewa ko an ɗauke ta ko ba a ɗauke ta ba, baɗi war haka shi ne zai tsaya da kwalba a bayan Farfesa, yana kallon kujerar Kum ko zai zo.